Yankari: Mu Daina Zuwa Mu Juyo A Yini Ɗaya

Duk lokacin da hutun ƙarshen zango ya ƙarato, akan shiga shawarar inda za a kai iyali su sha iska, kuma da wuya a tashi daga irin wannan hira ba a ambaci Yankari ba. Abin da ke biyo baya sananne ne. A haɗa kuɗin mota, a ƙunshe abinci, a tashi da hantsi, a isa da azahar. Yara su faɗa ruwan Wikki, manya su ɗauki hotuna, kafin la'asar ta yi sanyi direba ya fara ƙorafin kada dare ya yi masa a hanya. A dawo gida a gajiye, a ce an je Yankari. Mu a ganinmu, wanda ya yi irin wannan ziyara ya biya kuɗin ganin gandun dajin, amma abin da ya samu bai wuce wanka ba. Shawararmu ga 'yan uwa malamai da iyalansu ita ce, duk wanda ya yi niyyar zuwa, to ya je da shirin kwana.

Mu fara da nisa. Gandun dajin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki, inda masaukai suke, tafiyar ta haura kilomita 100, kuma daga babbar ƙofa da ke kusa da ƙauyen Mainamaji har yanzu akwai sauran kilomita 42 a cikin daji. Wanda ya taso daga Kano ko Jos ko Gombe sai ya ɗora nasa nisan a kai. Idan aka cire sa'o'in zuwa da na dawowa, abin da ya rage na yinin bai fi sa'a uku ko huɗu ba, kuma su ne mafi zafin rana.

To, a wannan lokaci ne namun daji ke ɓuya. Giwa da ɓauna da gwanki da kanki ba su san baƙo ya biya kuɗin shiga ba. Da sanyin safiya suke fitowa kiwo da shan ruwa, rana na ɗagawa su shige inuwa, sai kuma da yamma. Shi ya sa motocin zagaya daji ke fita da safe da kuma yamma. Mai ziyarar yini ɗaya ya rasa ta safe domin yana hanya, ya rasa ta yamma domin yana saurin juyawa. Abin da yake gani shi ne gwaggon biri da mugun dawa, waɗanda dama sun mai da harabar sansanin gidansu. Daga nan ne ake samun masu dawowa suna cewa babu komai a Yankari sai birai. Alhali kuwa garken giwayen da ke wurin, wanda ake ƙiyasta yawansa tsakanin 100 da 150, yana cikin mafi girma da suka saura a Nijeriya.

Shi kansa ruwan da ake rububin zuwa dominsa, mai zuwa da tsakar rana bai san shi ba. Wikki maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminta yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, tana kuma kwarara lita miliyan 21 a kowace rana zuwa kogin Gaji. Ruwan sama ne da ya nitse can cikin ƙasa, zafin ƙasa ya ɗumama shi, sannan ya sami kafa ya ɓullo garau, har kana hango yashin da ke ƙasansa. Da azahar a watan Afrilu iskar waje ta fi ruwan zafi, saboda haka mai wanka ba zai ji wani abin mamaki ba. Amma da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ke sa mutum ya ƙudundune, sai ka ga tururi na tashi a kan ruwan, ka shiga ka ji kamar an sirka maka shi. Wannan sa'a ta wanda ya kwana ce kaɗai. Akwai kuma wata fa'ida da iyaye mata za su fi kowa ganewa. Da rana wurin cike yake da samari, sai uwa da 'yan matanta su ƙare ziyarar a zaune kan matakala suna gadin takalma. Da sassafe kuwa, kafin motocin baƙi su iso, iyali na iya samun wurin shiru su yi wankansu cikin mutunci.

Abin da ya fi damunmu, a matsayinmu na masu koyarwa, shi ne tsaunuka da duwatsun da ake bari a baya ba a ko waiwaye su ba. Daga saman tsaunin Kalban ana hango dajin shimfiɗe har iyakar gani. A jikin wani dutse akwai kogwanni 59 da mutanen da suka sassaƙa da hannu suka zauna a ciki, ana kiransu da sunan Marshall, Baturen da ya sanar da duniya labarinsu a 1980, kuma masana na ganin mafaka ce ta masu gudun farmakin kamen bayi. A Dukkey akwai rijiyoyi 139 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma kufan matoyar tama, inda maƙeran da suka shuɗe suka narka ƙarfe, wasu murahun suna nan a tsaye har yau. Shekara nawa muka yi muna zana wa yara yadda ake narka tama a kan allo, ga shi kuma abin yana tsaye a jihar da wasunmu ke zaune? Gani ya kori ji. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ke bakin ruwan. Kowanne yana bukatar mota da ɗan jagora da lokaci, kuma lokacin ne mai juyawa a yini ba shi da shi.

Wani abin lura shi ne kalandar makaranta. Da yawa daga cikinmu kan jinkirta tafiya sai dogon hutu, a watan Agusta, wai an fi samun sarari. Wannan shi ne lokaci mafi rashin dacewa: ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun warwatsu, wasu hanyoyin cikin dajin ma sun yi taɓo. Hutun Disamba ya fi daɗin wanka, hutun da ke zuwa wajen Afrilu kuma ya fi ganin dabbobi, domin a lokacin tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa ta tattaro kowa zuwa bakin Gaji.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi: ina kuɗin? Malamin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, ta yaya zai kama wa mutum bakwai ɗaki? Ba mu raina wannan magana ba. Amma a duba lissafin da kyau. Kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar yana tafiya ne a mota da mai, kuma wannan an riga an biya shi ko an kwana ko ba a kwana ba. Kuɗin ɗaki ƙari ne a kan abin da aka riga aka kashe, shi ne kuma ke sa a ci moriyar sauran. Masaukan Wikki sun haura ɗari, kuma hawa-hawa ne, tun daga ɗakin ɗalibai mai gadaje da yawa har zuwa na manyan baƙi. Gidaje huɗu ko biyar na iya yin adashi tun farkon zango, su ɗauki mota ɗaya, maza da yara maza su haɗu a wuri guda, mata su kama nasu. Idan kuma sai an zaɓa, gara a je sau ɗaya cikin shekara uku a kwana, da a riƙa zuwa kowace shekara ana leƙe. Ga kuma batun hanya: wanda ya kwana yakan taso da safe ya isa gida da rana, ba ya haɗa gajiyar direba da duhu, a zamanin da kowa ya san tafiyar dare ba abin so ba ce.

Kwanan baƙo yana da amfani ga dajin ma. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A duk tsawon wannan lokaci, akwai masu biyan farashin zaman giwaye a wurin: manoman ƙauyukan kewaye da garke kan tattake musu gona a dare ɗaya, da masu gadin daji da ke fuskantar mafarauta masu bindiga. Manomin da bai taɓa ganin ribar dajin ba, da wace hujja za a ce masa ya yi haƙuri? Baƙon da ya kwana yakan ci abinci, ya ɗauki ɗan jagora, ya sa a yi shara da wanki, wato ya bar wani abu a hannun mutanen yankin. Wanda ya zo da tuwonsa ya juya kuwa, sau da yawa abin da yake bari ledar ruwa ce a bakin maɓuɓɓuga. Abin kunya ne a ce mun san sunan Wikki a filin ƙwallo, saboda ƙungiyar Wikki Tourists, fiye da yadda muka san abin da ke riƙe da wurin da ta samo sunan.

Ga masu kula da masaukan kuma muna da roƙo. Ba ƙawa ma'aikaci ke nema ba. Ɗaki mai tsabta, famfo mai kawo ruwa, fitila, gidan sauro da ƙofa mai kullewa sun wadatar. A bayyana farashin kowane ɗaki a fili yadda magidanci zai yi lissafinsa tun daga gida, a ba da damar kama ɗaki ta waya kafin a taso, a kuma yi rangwame a tsakiyar mako ga iyalai da makarantu, tunda ɗakin da ya kwana babu kowa bai kawo ko sisi ba. Da za a keɓe wa mata wata sa'a a ruwan, da gidaje da yawa da ke ɗari-ɗari sun zo.

Wanda ya shirya zuwa ya tuna cewa ba a shiga Wikki da sabulu, ba a kuma miƙa wa gwaggon biri abinci, domin da zarar ya ɗanɗana zai biyo ka har ɗaki, kuma ya iya buɗe ƙofar da ba a kulle ba. A tafi da rigar sanyi idan Disamba ne, da takalmin da zai iya hawa dutse, a kuma yi rajistar motar zagayen safe tun da daddare.