Ƙarin da Ake Kira Kaɗan

Akwai wani lafazi na Turanci wanda ma'aikatan hisabi da 'yan jarida suka mayar abin yayi, wato “marginal increase”, wanda masu fassara a gidajen rediyo kan juya shi da “ɗan ƙari kaɗan”, kuma ko da yake fassarar ba ta saɓa wa lugga ba, ina ganin tana ɓatar da mai sauraro a gari irin Danchadi fiye da yadda take shiryar da shi. Asalin kalmar daga gefen takarda ne, wurin da almajiran ilimi suka sani da hashiya, inda malami kan rataya ɗan bayani kusa da matani. Saboda haka abin da aka siffanta da ita shi ne abin da ya tsaya a gefe, bai taɓa jikin mas'ala ba.

To, ga inda mushkilar take. Lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta tashi daga kashi 34.60 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024 zuwa kashi 34.80 a watan Disamba, tazarar 0.20 da ke tsakanin adadin biyu lalle ƙanƙanuwa ce, kuma wanda ya kira ta haka bai yi ƙarya ba. Amma abin da ya ƙaru kaɗan ɗin saurin tashin farashi ne, ba farashin kansa ba, domin ma'anar adadin ita ce kayan da aka saya naira 100 a Disambar 2023 sun koma wajen naira 135 bayan shekara guda. Magidancin da ya auno tiyar gero, ya biya kuɗin mota zuwa Boɗinga ko Shagari bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, in ya ji an ce ƙarin kaɗan ne, ɗayan biyu zai yi: ko ya tuhumi hankalinsa, ko ya ƙaryata rediyon, kuma galibi na biyun yake zaɓa, alhali mai karanta labarin bai yi nufin yaudararsa ba.

Ra'ayina shi ne kada mai fassara ya furta “kaɗan” face ya faɗi abin da aka gwada da shi, da tsawon muddar da aka auna, ko da hakan zai ci masa daƙiƙa goma na lokacin labarai. Wannan ihtiyaɗi ya wajaba har a wajen ragi, domin da hukumar ta sauya shekarar da take kafa awo a kanta daga 2009 zuwa 2024, adadin Janairun 2025 ya fito kashi 24.48, mutane da yawa kuwa suka ɗauka kaya sun yi sauƙi, alhali ma'aunin ne aka sabunta.