Yawan Albarushi Ba Shi Ne Dacen Harbi Ba

Bindigar ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi da harsashi ta baki a danna da sanda, tana da nata lokacin farauta na musamman a yawancin jihohin Amurka, kuma barewa mai farar wutsiya ce abin harin galibin masu saɓa ta. A tsakanin waɗannan maharba wani ra'ayi ya yi kaka-gida, cewa ƙarfin bindiga yana ga yawan albarushinta, don haka mai son barewa ta faɗi nan take sai ya ɗura giren 150, ɗurin da kamfanoni ke tallatawa da sunan "magnum". Ra'ayin yana sayar da bindiga da albarushi ƙwarai. Amma a wurin gwajin saiti, inda ramukan da ke jikin takarda ke yanke hukunci, bai cika yin nasara ba.

Giren ƙaramin ma'auni ne, giren 100 bai wuce giram 6.5 ba, kuma a wannan sana'a da ɗan ƙoƙon tagulla ake auna albarushi, ba da sikeli ba. Maharban da sun saba fara gwaji da giren 50 ga bindiga mai faɗin bututu rabin inci, su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Al'amarin ya soma sauyawa a 1985, lokacin da Tony Knight ya fito da MK-85, bindigar da tartsatsinta ke shiga bayan albarushi kai tsaye. Daga baya aka zo da albarushi dunƙulalle, kowane dunƙule giren 50. Jefa uku a bututu bai fi jefa biyu wuya ba, sai adadin da littafin bindiga ya rubuta a matsayin iyakar abin da ƙarfe zai jure ya koma tamkar shi ne shawarar da aka bayar.

Abu na farko da ke rushe ra'ayin shi ne lissafin gudu. Harsashi mai nauyin giren 250 da aka tura da dunƙule biyu yana fita bakin bindiga da gudun ƙafa 1,600 da wani abu a sakan. Dunƙule na uku, wato ƙarin rabin albarushin gaba ɗaya, abin da yake ƙara wa gudun bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba. Tsawon bututu yana da iyaka, kuma harsashi ba ya jira albarushi ya gama ci kafin ya fice. Ragowar ƙarfin ya tafi a wuta da hayaƙi da ƙara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Babbar ɓarnar kuwa a jikin harsashin take faruwa. Abin da ke sa harsashi ya tafi a miƙe shi ne juyin da murɗaɗɗun tsagun cikin bututu ke ba shi, kuma a bindigar ɗuri ba dalmar ce kan kama tsagun ba sau da yawa, wani abu ne mai laushi da ke tsakaninsu. A bindigogin gargajiya masu harba dunƙulen dalma, ƙyalle ne da aka shafa wa mai, tsagun kuma a hankali suke murɗawa, juyi ɗaya a inci 60 ko 66. A na zamani, masu juyi ɗaya a inci 28, kwanson roba ne ke rungume harsashin har ya fita. Duka biyun suna da iyakar matsin da za su ɗauka. Idan ɗuri ya wuce kima, ƙyallen ya ƙone ko ya yage, gindin robar ya fashe, iskar wuta ta sulale ta gefe ɗaya, harsashi ya fita a karkace. Shaidar tana nan a ƙasa, 'yan taku kaɗan gaban bakin bindiga. Ƙyallen da ya dace da ɗurinsa yakan faɗo da baƙin da'ira a tsakiya amma ba huda, har a iya sake amfani da shi. Wanda aka yi wa yawa kuwa sai a tsince shi fata-fata, gefensa a babbake. Gogaggen maharbi kan duba ƙyallensa kafin ya je duba takardar.

Sai kuma dauɗa. Fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska, toka yake zama, kuma wani sashe nata yana manne wa cikin bututu. Yawan ɗuri, yawan toka. Harsashi na biyu ba zai zauna daidai inda na farko ya zauna ba, matsi ya canza, gudu ya canza, wurin saukarsa ma ya canza. Zafin bututu shi ma yana tausasa kwanson roba, shi ya sa bindigar da ta yi kyau da sanyin safiya kan watsa harsasai da rana idan an jera harbi babu hutu.

Akwai kuma abin da maharba ba sa son a faɗa, wato shurin bindiga. Nauyin albarushin da ke fita yana cikin abin da ke tokare kafaɗa, kuma bindigogin zamani ba su da nauyin da zai shanye shi. Wanda ya sha shuri sau goma a wurin gwaji, jikinsa zai koyi runtse ido da fizgar kunama tun kafin wuta ta tashi, ko ya yarda ko bai yarda ba. Wurin da ake nema a jikin barewa, zuciya da huhu, faɗinsa inci 8 zuwa 10 ne kacal. Harsashin da ya huda huhu biyu da matsakaicin gudu ya gama aiki. Wanda ya zo da gudun fitar hankali ya sauka a tumbi sai ya bar dabba ta shiga daji da rauni, ta mutu inda ba mai ganinta.

Masu babban ɗuri suna da hujja ɗaya da ba za a raina ba: ƙarin gudu yana rage sunkuyawar harsashi a nesa, kuma a filayen yammacin Amurka, inda ake harbi daga yadi 200, wannan yana da amfani. Akwai ma bindigogin da ke haɗa ramuka da kyau da giren 150. Sai dai wannan abu ne da ake tabbatarwa a takarda, bindiga-bindiga, ba a ɗauka daga talla. Kuma barewar dazuzzukan gabas galibi a ƙasa da yadi 100 ake harbinta, tazarar da giren 80 zuwa 100 ya wadatar. Jihar Kolorado ma ta hana dunƙulallen albarushi da kwanson roba da madubin hange a lokacin farautar bindigar ɗuri, kuma maharbanta ba su daina kawo nama gida ba.

Hanyar gano ɗurin da ya dace ba ta da wani sirri, haƙuri kawai take buƙata. Ana ɗora bindiga a kan teburi da buhun yashi, a fara da ƙaramin ɗuri, a yi harbi uku, a goge bututu bayan kowane ɗaya, sannan a ƙara giren 5 ko 10 a sake. Ramukan za su riƙa matsowa kusa da juna har zuwa wani adadi, daga nan su fara warwatsewa. Adadin da ya gabaci warwatsewar shi ne na wannan bindiga da wannan harsashi. Garin albarushi ne ke ba da damar wannan lallaɓawa. Mai dunƙule tsallen giren 50 yake yi, ko 30 idan ya sami ƙananan, yana iya tsallake wurin da bindigarsa ta fi so.

Adadin kuma ba ya bin maharbi daga gwangwani zuwa gwangwani. Albarushin Pyrodex an yi shi ne ya yi daidai da baƙin albarushi a ƙoƙo, amma garin Triple Seven ya fi ƙarfi, ana rage kusan kashi 15 cikin 100 kafin a daidaita su, shi kuwa Blackhorn 209 iyakarsa giren 120 a ƙoƙo. Albarushi marar hayaƙi na harsasan zamani ba ya shiga irin wannan bututu ko kaɗan, fasa shi yake yi. Haka nan harsashin da bai zauna daram a kan albarushi ba yana iya kumbura bututu ko ya tarwatsa shi, dalilin da ya sa ake yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bindiga. Maharban ƙasar Hausa masu adaka sun san wannan haɗari da kyau, domin bututun da maƙeri ya haɗa ba shi da littafin da ya rubuta iyakarsa, kuma ɗurin da aka yi da tafin hannu cikin zumuɗi ya sha raba mutum da yatsunsa. Duk lokacin da aka canza albarushi, ko nauyin harsashi, ko kaurin ƙyalle, gwajin yana komawa farko ne daga ƙaramin ɗuri.