Birki kafin tabarau

Yau maganar keke na kawo, kuma ina roƙon alfarma guda tun daga farko: a bar ni in gama maganar keken kafin wani ya ja mu wani wuri. Za ku gane dalilin roƙon idan mun yi nisa.

Shekara biyu ke nan da na koma hawan keke. Ba son motsa jiki ya kai ni ba, lissafi ne. Kullum kabu-kabu zuwa aiki, kabu-kabu dawowa, in an ce a kai takarda wani biro a sake biya. Da na zauna na haɗa kuɗin wata guda, sai na ga abin da nake ba masu moto ya kusa kamo kuɗin hayar ɗakina. Na daure na tara, na sayi keken gwanjo irin mai giya (bitesi nake nufi, kada wani malam ya taso mini). To me kuke jin na fara saya da canjin da ya rage? Baƙin tabarau, da safar hannu mai yankakkun yatsu, da wata riga mai matse jiki ɗauke da sunan ƙungiyar tseren Turai da ko faɗinsa ban iya ba. Na yi hoto, an yaba, kaina ya kumbura.

Kwana 9 bayan haka, ana fitowa sallar magariba kuran ya ɗauke. Ina gangarowa kan kwalta sai ga amalanken jaki ya fito daga lungu. Na matse birki, hannun birkin ya tafi har ya manne da ƙahon keken, keke kuwa ko a jikinsa. Mai amalanken bai gan ni ba don ba ni da fitila, ni na gan shi amma ba ni da abin tsayawa. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a wuyan hannu da ƙujewa a gwiwa. Amma kuɗin radiyo da na magani sun fi kuɗin rigar da safar da tabarau a haɗe. Tabarau ɗin ma a aljihu suke, a can suka fashe.

Da na samu sauƙi na tura keken wurin wani dattijo mai gyara a gindin dogon yaro. Ya kwance robar birkin ya ɗora mini a tafin hannu, ta cinye har ƙarfe ya fito. Wayar birkin kuma sili uku ko huɗu suka rage. Ya dube ni, ya dubi rigar da ke jikina.

“Ɗana, rigar ga nawa ka saye ta?”

Na faɗa masa. Ya ce: “Da ka kawo min kuɗinta, da na sa maka roba gaba da baya, da waya sabuwa, in ba ka canji ka sha hura.”

Na ce: “Baba, ai mai keken ya ce min komi lahiya lau.”

Ya ce: “Shi sayarwa ya zo yi. Kai ka zo hawa.”

Tun ranar na canza yadda nake kallon sayayyar kayan keke. Abin da nake gani a wurin da yawa daga cikinmu, ni ma har da ni a da, shi ne muna sayen abin da ido ke gani kafin abin da rai ke dogara da shi. Kuɗinmu kuwa ba yawa gare su ba. Mai jaka goma a hannu ba zai sayi komai da komai ba, dole wani abu ya riga wani, kuma wannan jerin shi ne duk maganar.

Birki ne farko, kuma guda biyu. Na sha ganin samari sun cire na gaba wai kada ya kifar da su. Kuskure ne. Idan ka taka birki nauyinka gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da kai, ta baya sai ta yi ta jan ƙasa. Abin koyo shi ne matsewa a hankali tare da ja da mazauni baya, ba cirewa ba. Kuma a tuna, idan gudunka ya ninka biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi. Wanda ya sayi keke mai gudu ya bar shi da tsohuwar roba, ya sayi rabin keke ne, rabin da ke kai mutum gidan likita.

Sai fitila. Mutane suna cewa ai ina ganin hanya. Ba don ka gani ba ne kaɗai, don a gan ka ne. Direban kamiyo da ya taso daga Konni ya doshi Maraɗi a kan babbar hanya ta RN1, ya gaji, ga hasken motocin da ke tahowa yana dukan idonsa, ga hazo in lokacin hunturu ne, ta ina zai hango mutum cikin baƙar riga a gefen kwalta? Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta lissafa abin da ake so kowane keke ya samu: birki mai aiki, ƙararrawa, fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya, da jan abin nan mai walƙiya in haske ya dake shi. Ba ta ambaci tabarau ba. Yanzu akwai ƙananan fitilu da ake caji da wayar cajin salula, ba su kai tsadar kati na mega na wata ba. In babu hali ko kaɗan, tocila da igiyar roba ta fi duhu.

Taya ita ce inda na ga an fi asarar kuɗi saboda rashin tambaya. Keken tsere mai siririyar taya, faɗin milimita 23 ko 25, an yi shi ne don kwalta mai santsi. Mu kuwa daga ka sauka babban titi ka shiga unguwa, rairayi ne, ko a Damagaram, ko a Tawa, ko a bayan gari a Yamai. Siririyar taya nutsewa take, ka sauka ka tura, yara suna maka dariya. Ga tsidau, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga fasassun kwalabe. Taya mai faɗi ta inci 26 ba ta da kyan hoto, amma tana wucewa, kuma kusan kowane mai faci yana da robar cikinta. Kafin ka biya kuɗin keken gwanjo, sunkuya ka karanta lambar da ke jikin tayar: 26 ce, 28 ce, 700 ce, 27.5 ce ko 29? Sannan ka je ka tambayi masu sayar da kaya a garinku ko suna da irinta. Ka dubi bakin hura iskar ma. Akwai mai kauri irin na mota da moto, wanda kowane mai faci zai hura maka, akwai siriri mai ɗan noti a kai, wanda in ba ka da famfonsa ko ɗan mahaɗinsa za ka yi ta yawo da keke a kafaɗa. Na san wanda kekensa ya yi wata biyu jingine a zaure saboda wannan ɗan bakin kaɗai.

Sarƙa ba ta son abin da muke mata. Baƙin man inji da aka juye daga mota muke malala mata, ƙura ta zo ta zauna a kai, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙar da haƙoran da take bi. Tsumma da ɗigon mai mai tsabta sun isa, a goge abin da ya yi saura.

Hular kwano kuwa, zan faɗi gaskiya: ba za ta cece ka daga tayar tirela ba. Amma yawancin faɗuwarmu ba ta tirela ba ce, irin tawa ce, kai ya bugi kwalta ko bakin kwata. Abin da ke aiki a hular ba ƙyallin bayanta ba ne, farin soson nan mai tauri ne na ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun. Sau ɗaya yake wannan aikin. Shi ya sa hular gwanjo caca ce, ba ka san ko ta riga ta ceci wani Bature ba kafin ta iso gare ka. Duba cikinta ko akwai tsagewa, duba ko akwai tambarin EN 1078, ma'aunin da Turai ke gwada hulunan keke da shi, kuma ka ɗaure igiyar. Hular da ke lilo a ƙeya ado ce. Na san zafin watan Afrilu, na san ma'auni yana haura 40, amma hular keke mai ramuka ce, ba irin ta moto ba.

Kwaɗo da sarƙar ɗaurewa ba sai na yi dogon bayani ba. Wanda aka taɓa ɗauke wa keke a ƙofar masallaci ya riga ya sani.

Wani zai ce, kuɗina ne, kuma kyau ma abin so ne. Ban musa ba. Ni ma na yi tsalle a 2024 da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a tseren Tour de France ya tafi da koriyar riga. Na ji daɗi da aka yi gasar duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karon farko a Afirka. Maƙwabtanmu na Burkina suna da Tour du Faso tun 1987. In kayan tsere ne za su ja yaro ya so keke ya daina jin kunyarsa, ya daina ganin sai talaka ke hawa, madalla. Sai dai Girmay yana da mota biye da shi ɗauke da wani keken da makanike. Kai wa ke biye da kai? Jikin keke na ƙarfe in ya tsage, mai walda na bakin kasuwa zai ɗinke maka shi kana tsaye. Na kabon, wannan marar nauyin da ake ta yabo, walda ba ta kama shi. Birki mai aiki da mai yana da daɗin kamu, amma man nasa iri-iri ne, na Shimano daban, na wasu kamfanonin daban, in an zuba wanda ba shi ba robobin ciki su lalace. Kuma mun ga yadda kaya ke yankewa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Daga 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Keken da sai an yi odar ƙaramin ƙarfensa daga waje, a irin wannan yanayin, kayan ɗaki ne. Tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayenmu, masu birkin sanda, har gobe suna ɗaukar buhun hatsi da jarkokin ruwa, don duk ƙauyen da ka je akwai wanda ya san cikinsu.

Yanzu ga dalilin roƙon da na yi a farko. Muna da ƴar ƙungiya ta masu hawan keke, ranar Lahadi da safe mu zaga, mu dawo fada a ɗora shayi. Kwanakin baya moto ta buge ƙanen ɗaya daga cikinmu, ɗan lise, yana dawowa daga karatun dare ba fitila. Ƙafarsa ta karye, jarrabawa kuma ta matso. Muka ce ranar Lahadi za mu zauna kan magana guda: mu haɗa kuɗi mu sayo fitilu da yawa a farashin sari, mu raba wa ɗaliban unguwa. Wallahi ba a yi minti goma ba wani ya ce fitilar China ba ta da ƙarko. Wani ya ce ai komai ma na China ne yanzu, har wayar da ke hannunka. Daga nan aka faɗa wace waya ta fi kyamara. Wani ya ciro hoton keken Pogačar yana faɗin kuɗinsa da sefa. Kafin shayi na biyu an kai Real da Barsa, kafin na uku an kai siyasar Sahel, har biyu suka tashi ba sa ga maciji. Aka watse. Ko dala ba a tara ba.

Na san haka hirar fada take, daɗinta ke nan, ba wanda ke zuwa da ajanda. Kuma ban ce waɗancan maganganun ba su da muhimmanci ba, wasunsu sun fi keke nauyi nesa ba kusa ba. Amma kowace tana da wuraren da ake yin ta dare da rana. Maganar fitilar yaron nan ba ta da wani zaure sai namu, kuma mu ma muka kasa ba ta rabin awa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu moto, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu. In mun kasa tsayawa kan fitila, yaushe za mu tsaya mu rubuta wa magajin gari takarda a kan rairayin da ya cinye gefen kwalta, wanda ke tilasta wa mai keke shiga tsakiyar motoci? Ko a kan fitilun titi da suka mutu, ko wurin ɗaure kekuna a makarantu?

Lahadin da ta biyo baya muka sake zama, da sharaɗi. Mai dafa shayi shi ne alƙali: kofin farko na maganar da ta tara mu ne, duk wanda ya kauce a tsallake shi a rabo. An yi dariya, an tsallake mutum biyu, ɗaya ni ne, don na soma ba da labarin Girmay. Amma an rubuta sunaye, an tara abin da aka tara, an wakilta mutum biyu su je kasuwa da sharaɗin su kunna kowace fitila a gaban mai shago kafin su biya. Fitilun sun iso, ja da fara. Ba su isa kowa ba, mun fara da masu karatun dare.

Dattijon nan mai gyara ya yarda zai zo fada Lahadi mai zuwa da kayan aikinsa, ya duba birkin duk wanda ya kawo keke, mu biya kuɗin roba da waya kawai. Wanda ke kusa ya zo da nasa. A zo da tsumman goge sarƙa kuma, nawa ba zai ishi kowa ba, hannun rigar tseren nan ne guda ɗaya ya rage.