Wa Ya Ga Gawar? Raddi Ga Masu Shelar Mutuwar Wasan Kwamfuta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta cika ɗakunan kwananmu da teburan masu shayi na bakin ƙofar makaranta, har ta kai haƙurina ya ƙare. Maganar kuwa ita ce wai wasan kwamfuta ya mutu, an yi masa sutura, akwatunan wasa irin su PlayStation da Xbox da Nintendo sun gaje gida. Masu wannan shela suna yin ta da ƙarfin hali irin na wanda aka yi jana'izar a gabansa. To ni tambayata guda ce, kuma ina so a ba ni amsa: wa ya ga gawar?

Kafin mu yi nisa, bari in fayyace abin da ake jayayya a kai. Akwatin wasa na'ura ce da aka ƙera domin wasa kaɗai, a jona ta da talabijin, a zauna a yi ta latsa maɓallai. Kwamfuta kuwa ita ce wadda kuka sani, mai rubutu da lissafi da zane, wadda wasa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukanta. Na san inda 'yan'uwanmu suka samo fatawarsu. Duk unguwar da ka shiga a biranenmu za ka tarar da gidan gem, janareto na ruri a ƙofa, yara sun biya kuɗinsu suna buga ƙwallo a PlayStation. Mai gidan yana da hujjarsa, domin yana son na'urar da ba ta da rigima, wadda mutum biyu za su yi wasa a talabijin guda ba tare da intanet ba. Amma wanda ya auna duniya da gidan gem na lungunsu ya zama kifin rijiya, mai zaton iyakar ruwa ke nan. Hausawa sun ce na zaune bai ga gari ba. To mu tashi mu ga garin.

Abin da masu shelar ba su sani ba shi ne an taɓa yin irin wannan shela, amma a kan gwanin nasu. A shekarar 1983 kasuwar akwatunan wasa ta durƙushe a Amurka, har kamfanin Atari ya kwashi tarin kasakasan wasa da suka yi kwantai ya binne su a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, inda aka tono su a 2014 kowa ya gani da idonsa. A wancan lokaci kwamfutocin gida, irin su Commodore 64 da ZX Spectrum waɗanda suka fito a 1982, su ne ke shiga gidajen jama'a, aka yi ta cewa zamanin akwati ya wuce. Ba a jima ba Nintendo ta shigo Amurka da akwatinta a 1985, ta ƙaryata su. Ashe dai masu gaggawar haƙa kabari sun taɓa jin kunya, sai dai ba su ɗauki darasi ba.

Da aka shiga sabon ƙarni sai waƙar ta juya. PlayStation 2 ta fito a 2000, ta kuma sayu sama da miliyan 150, Xbox ta biyo baya a 2001. A kantunan Turai da Amurka aka ga kantocin da ake jera faya-fayan wasan kwamfuta suna ta raguwa, masu yin wasanni suna kukan satar fasaha, sai masu sharhi suka ce shi ke nan, kwamfuta ta gama yawo. Kuskurensu shi ne kwali suke ƙirgawa, alhali cinikin ya riga ya bar kwali. Wasan World of Warcraft da ya fito a 2004 ya tara masu biyan kuɗin wasa har miliyan 12 a 2010, kuma wannan kuɗi ba ta teburin mai kanti yake bi ba. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, wadda ta zama kasuwar da mutum ke sayen wasa ya sauke shi ta intanet. A watan Maris na 2025 mutanen da suka shiga Steam a lokaci guda sun haura miliyan 40. Misalin masu sharhin nan kamar na mutumin da ya je tsohuwar tasha ne bayan an mayar da ita bayan gari, ya tarar babu mota ko ɗaya, ya dawo yana rantsuwa wai mutane sun daina tafiya.

Sa'an nan kuma masu wannan lissafi sun manta da cewa duniya ta wuce Amurka da Ingila. A Koriya ta Kudu, tun fitowar StarCraft a 1998 shagunan kwamfuta suka zama matattarar samari, aka kafa gasar ƙwararru, ana nuna ta a talabijin kamar yadda ake nuna ƙwallon ƙafa. Ƙasar Sin kuwa hana sayar da akwatunan wasa ta yi a 2000, ba ta fara sassautawa ba sai 2014, ta ɗage hanin gaba ɗaya a 2015. Ke nan ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a wancan lokaci ta raini 'ya'yanta shekara goma sha huɗu a gaban kwamfuta. Da wani kamfanin Sin ya fitar da wasan Black Myth: Wukong a Agustan 2024, sama da mutum miliyan 2 aka gani suna buga shi lokaci guda a Steam. In wannan ita ce mutuwa, to ban san yadda rai yake ba.

Mu bar shaidar nesa, mu kira shaidu daga gidan abokan hamayya. Tun daga PlayStation 4 da Xbox One na 2013, kamfanonin Sony da Microsoft suka koma amfani da ƙwaƙwalwar na'ura ta kamfanin AMD, mai tsari iri ɗaya da ta kwamfutar da ke kan teburinka. Wato in ka buɗe cikin akwatin nan da ake yi mana alfahari da shi, kwamfuta za ka tarar an sa mata kwaɗo. Daga 2016 Microsoft ta shiga fitar da wasanninta a Xbox da kwamfuta tare. Ita ma Sony, wadda ta daɗe tana killace manyan wasanninta, ta kai Horizon Zero Dawn kwamfuta a 2020, ta kai God of War da Spider-Man a 2022. Ina tambayar malaman shela: wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki hajarsa mafi daraja ya kai kasuwar da ta watse?

Duk da haka ba zan yi zalunci ba, gaskiya ɗaya ce ko daga bakin wa ta fito. Akwati yana da sauƙi, ka jona ka kunna ka fara wasa, babu ruwanka da gyare-gyare. Kuɗinsa bai kai na kwamfutar da za ta yi ƙarfinsa ba, balle a shekarar 2021 da katin sarrafa hoto ya yi tsadar da ta wuce hankali saboda ƙarancin kaya da rububin masu haƙar kuɗin intanet. Nintendo Switch ta 2017 ta sayu sama da miliyan 150, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ita ma Steam ba waliyyiya ba ce, tana yankar kashi 30 cikin 100 na cinikin akasarin wasannin da aka sayar ta hannunta, ta kuma yi kaka-gida a kasuwar. Bugu da ƙari, in ana maganar wanda ya fi kwasar kuɗi, to wayar hannu ce ke ɗauke da kusan rabin cinikin wasanni na duniya, ta bar akwati da kwamfuta suna rabon saura. Duk na amince da waɗannan. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya nuna mutuwa, iyakacin abin da suka nuna shi ne kasuwa ta faɗaɗa, kowa ya sami rumfarsa.

To me ya sa na damu har na ɗauki alƙalami? Domin abin da ke cikin wannan gardama ya wuce wasa. Akwati gida ne na haya, kuma mabuɗin yana aljihun mai gida. Tun a 1985 Nintendo ta dasa wani ɗan ƙaramin makulli a cikin akwatinta domin kada ya karɓi kaset ɗin da ba ta yi wa izini ba, kuma a kan wannan tafarki sana'ar take tafiya har yanzu: babu wasan da zai shiga sai da yardar mai akwati, sai kuma an ba shi kasonsa. Microsoft ta fara karɓar kuɗi kafin mutum ya yi wasa da abokinsa ta intanet a 2002, Sony ta bi sahu a 2013, Nintendo a 2018, alhali mai kwamfuta ba ya biyan mai na'ura irin wannan haraji. A watan Maris na 2023 Nintendo ta rufe kantinta na intanet na 3DS da Wii U, wasanni masu yawa da ba a taɓa buga su a kaset ko faifai ba suka rasa inda za a saye su. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kwamfuta kuwa ƙofarta a buɗe take, kuma ta wannan ƙofa ce mai wasa ke zama maƙeri. Ku dubi tarihi. Spacewar, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko, a jami'a aka haife shi, domin Steve Russell da abokansa ne suka rubuta shi a MIT a 1962, ya bazu kyauta. Masu Doom na 1993 da gangan suka tsara shi yadda kowa zai iya ƙera nasa filin daga. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar da Minh Le da Jess Cliffe suka yi wa wasan Half-Life, kuma shi Minh Le a lokacin ɗalibi ne kamar ni da ku a wata jami'a ta Kanada. DotA taswira ce da 'yan wasa suka zana a cikin Warcraft III a 2003, magajiyarta Dota 2 kuwa an raba kyautar kusan dala miliyan 40 a babbar gasarta ta 2021. Markus Persson na Suwidin ya fara Minecraft shi kaɗai a kwamfutarsa a 2009, Microsoft ta sayi kamfaninsa da dala biliyan 2.5 a 2014. Kai hatta PUBG da 'yan'uwanmu ke raba dare a kansa a waya, asalinsa kwaskwarima ce da Brendan Greene ɗan ƙasar Ayilan ya yi wa wani wasan kwamfuta, kafin ya zama wasa mai zaman kansa a 2017, ya iso waya a 2018. Ku nuna mini abu guda mai wannan girma da wani yaro ya ƙera a cikin rufaffen akwati. Kuma kada ku manta, kowane wasa da kuke bugawa a PlayStation, a kan kwamfuta aka rubuta shi, a kanta aka zana shi.

Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro game da shelar nan. Ɗalibin da ya yarda cewa kwamfuta ta tashi daga aiki a fagen wasa ya yanke wa kansa hukuncin zama mai saye har abada. Zai ƙare ƙuruciyarsa yana biyan kuɗi yana buga ƙwallon da wasu suka tsara, da jaruman da wasu suka zana, cikin harshen da ba nasa ba, bai taɓa tambayar yadda aka yi abin ba. Alhali kwamfutar tafi-da-gidanka da yake buga kundin digirinsa da ita, ko da tsohuwa ce 'yar gwanjo, za ta iya ɗaukar Godot, manhajar ƙera wasa, da Blender ta zanen siffofi, kuma dukansu kyauta ne, ba sai an nemi izinin kowa ba. Ina wasan dara da aka ƙera da hannunmu? Ina dambe, ina langa, ina sukuwar hawan salla? Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu, da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina ta Zazzau, sun ishi mai basira jari. In ba mu yi ba, wani zai yi daga nesa, ya karkata shi yadda ya ga dama, sa'an nan ya sayar mana da dala.

Ban ce kowa ya jefar da akwatinsa ba, ban kuma ce a bar karatu a rungumi wasa ba, domin jarrabawa ba ta san wanda ya ci kofi a gidan gem ba. Mai son ƙwallo da abokansa bayan lacca ya buga abinsa, babu laifi. Roƙona ga ƙungiyarmu ta ɗalibai shi ne ta tara masu karatun kimiyyar kwamfuta da masu zane da masu nazarin harshe da tarihi a zaure guda, ko da sau ɗaya ne a mako, su gwada ƙera ɗan ƙaramin wasa da Hausa. Na farko zai yi muni, na biyu ma haka, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Su kuma masu shela, shawarata gare su ita ce su ajiye fartanya da magirbi, su daina wahalar haƙa. Fiye da shekara ashirin ke nan ana kiran jama'a jana'izar nan, kullum sai a taru a tarar da mamacin zaune yana karɓar gaisuwa. Duk ranar da kuka ga gawar da idonku, ku aiko mini, ni ne zan fara zuwa ta'aziyya. Kafin wannan rana, a bar mu mu kunna kwamfutocinmu.