A koya wa masu ƙera jiragenmu aikin faiba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da maganar da ake ta yi cewa a bar jiragen ruwa na katako a koma na faiba. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata firamare. Noman shinkafa nake yi a ƙasar Bagudo, idan an kai amfani gida kuma in ɗan taɓa sayen albasa da bandan kifi tsakanin Lolo da Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Amma rabin rayuwata a bisa Kogin Kwara na yi ta, saboda haka ina ganin ina da ta cewa.

Babu ɗan Jihar Kebbi da zai manta da ranar 26 ga watan Mayu na 2021, lokacin da jirgin katako ya tsage a tsakiyar ruwa kusa da Wara cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, 'yan kaɗan suka fita da rai. A watan Janairu na 2023 haka ta faru ga manoman shinkafa irina a Samanaji ta Koko-Besse. A watan Yuni na wannan shekarar kuma 'yan biki fiye da 100 suka halaka a Patigi ta Jihar Kwara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ni kaina a ambaliyar 2020 saura ƙiris in bi su. Muna dawowa daga gona da buhunan shanshera sai katako ɗaya ya buɗe a ƙarƙashin ƙafata, muka yi ta kwarfar ruwa da ƙwarya, sai da muka zubar da buhu huɗu cikin kogi kafin Allah Ya kai mu gaɓa.

To da na ji a rediyo a shekarar 2025 cewa ministan harkokin ruwa Adegboyega Oyetola yana kira ga jihohi su sauya jiragen katako da na faiba ko na alminiyom, wallahi na yi murna. Sai dai akwai abin dubawa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da farko bari in gaya wa 'yan'uwana talakawa abin da ake nufi da faiba, domin wasu sun ɗauka roba ce irin ta bokiti. Ɗan ƙanwata yana aiki a wani wurin ƙera su a Legas, kuma da na je sarin kaya na kwana uku a wurinsa ina kallo. Ana fara yin mazubi mai siffar jirgin, a shafe cikinsa da kakin da zai hana mannewa, sannan a shafa wani fenti mai kauri wanda shi ne zai zama fatar jirgin. Daga nan sai a shimfiɗa wata tabarma ta zaren gilashi, a jiƙa ta da wani ruwa mai danƙo kamar ƙaro da suke kira razin, wanda aka ɗiga wa maganin daskarewa, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. A bi da abin murzawa a fitar da iska, domin duk inda iska ta maƙale nan ne zai fashe gobe. Haka za a yi ta jerawa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ya yi kaurin da ake so. Bayan haka a sa masa haƙarƙari, a ƙarfafa bangon baya inda ake rataya inji, a cusa wani irin soso mara shan ruwa a ƙarƙashin kujeru. Wannan soson shi ne babban abu, don ko jirgin ya cika da ruwa ba zai yi ƙasa kamar dutse ba, mutane za su samu abin riƙewa.

Ka ga ke nan babu ƙusa da za ta yi tsatsa, babu tsagar da za a yi ta toshewa da auduga da kwalta, gara ba ta cin sa, kuma ba ya ruɓewa. Ga shi manyan itatuwan da kakanninmu ke sassaƙa jirgi da su sun ƙare a dajinmu, katakon sai an kawo daga kudu da tsada. Duk wannan gaskiya ne. Amma ga inda gizo ke saƙa.

Na ɗaya, yawancin jiragen faiba da muke gani na gudu ne, irin na jami'an tsaro da na masu kuɗi. Ƙasansu tsini gare shi kamar ƙirjin kaza, don su yanka igiyar ruwa, kuma mutum goma sha ne suke ɗauka. Mu kuwa ba tsere muke yi ba. Jirgin ranar kasuwa yana ɗaukar buhuna da babura da tumaki da mata da goyo. Da rani kuma ruwa yana janyewa, yashi ya fito, ga kututture a ɓoye, ga kainuwa. Abin da ya dace da mu shi ne dogon jirgi mai faɗi, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai kauri a inda yake gogar yashi.

Na biyu, maganar inji. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da matuƙanmu suka saba da shi, idan aka ƙure shi yana shan kusan lita 20 a awa guda. To ina ga mai doki 200, wani ma har guda biyu a jere? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin fito ya riga ya gagari wasu. Idan aka kawo mana jirgin da ba ya tafiya sai da babban inji, wa zai biya? Kuma kowane jirgi akwai iyakar injin da bangon bayansa zai iya ɗauka. Wanda ya zarce, ko ya huda wurin ɗaure inji bai toshe da kyau ba ruwa ya riƙa shiga katakon da ke ciki, wata rana inji da bango za su tafi tare.

Na uku, gyara. Wani ɗan siyasa ya taɓa kawo jirgin faiba kyauta a wani ƙauye kusa da mu, aka yi kiɗa aka yi guɗa. Bai shekara ba ya daki kututture ya ɓule. Ɓulin bai fi tafin hannu ba, kuma ɗan ƙanwata ya ce aikin yini guda ne ga wanda ya iya: a goge wurin, a jera zare da razin, a bari ya bushe. Amma duk yankin babu wanda ya iya, babu inda ake sayar da kayan. Yau shekaru ke nan yana kife a bakin gaɓa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Jirgin katako kuwa ko da tsakar dare ya lalace akwai mai gyara a kowace mashiga.

Saboda haka kirana ga Gwamnatin Jihar Kebbi da Ƙaramar Hukumar Bagudo da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa tun 1997, shi ne kada a tsaya ga sayo jirage daga nesa ana rabawa a gaban 'yan jarida. A ɗebi masu ƙera jiragenmu na Yawuri da na nan yankin Lolo da Illo, da 'ya'yan Sarkawa, a koya musu aikin faiba. Su suka san halin kogin nan, su suka san irin jirgin da ke jure masa. A yi musu mazubi biyu ko uku, tunda mazubi ɗaya yana fitar da jirage masu yawa. A gina musu rumfa mai rufi, domin ƙurar hunturu tana ɓata aikin, zafin bazara kuma yana sa razin ya daskare tun ba a gama shafawa ba. A ba su abin rufe hanci da safar hannu, don warinsa da ƙaiƙayin zaren ba wasa ba ne. Sannan a ba ƙungiyoyin matuƙa jiragen bashi su riƙa biya sannu a hankali. Idan aka hana jirgin katako da ƙarfin doka alhali ba a tanadi wannan ba, an kashe wa dubban mutane hanyar abinci, kuma za su koma fito da dare a ɓoye, wanda ya fi haɗari. Ba kowa ne ke kusa da gadar Tuga ba.

Daga ƙarshe, mu ma mu gaya wa kanmu gaskiya. Faiba ba laya ba ce. Jirgin mutum 50 idan aka ɗura masa 150 zai kife, ko da da ƙarfe aka yi shi. Sau nawa muke faɗa da matuƙi don ya ce jirgi ya cika? Sau nawa muke ƙin sa rigar ceto wai zafi, ko wai mun iya ruwa? An hana tafiyar dare amma muna yi. Ina roƙon Sarakunan Ruwa da hakimai da limamanmu su sa baki, a rubuta adadin mutane a jikin kowane jirgi, wanda ya ƙetare a hukunta shi ko ɗan wane ne. Tunda kogin nan namu ne da mutanen Benin da Nijar, a zauna da nasu shugabannin matuƙan a yi doka ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada mu jira sai damina ta sake cin wasu.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, amin. Wassalam.

Naku,
Wani manomi ɗan kasuwa,
Lolo, Ƙaramar Hukumar Bagudo,
Jihar Kebbi.