Ciwon damuwa ma yana cin aljihun talaka

Duk zaman da ɓangarenmu ya yi, maganar taki ce da hanya da bashin noma. Yau ina so in ƙara abu guda a jerin bukatunmu: ciwon damuwa da yawan fargaba. Kar wani ya ce min ai cutar masu ƙoshi ce. Wallahi talaka ta fi kayarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa waɗannan cututtuka biyu na jawo asarar ranakun aiki kusan biliyan 12 a duk shekara, abin da ya kai dala tiriliyan 1. To, mu sauko da lissafin gida, Cheberu da sauran garuruwan Kalgo da Gwandu. Ku tuna ambaliyar 2020 da ta kwashe shinkafar Kebbi. Manomin da ta bari da bashi a wuya ya daina barci, ya daina cin abinci, fita gona ta gagare shi. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Sati biyu a kwance, ciyawa ta cinye gona. Mai jegon da damuwa ta danne ta ajiye sana'arta. Saurayin da ya rasa mafita ya koma wa ƙwaya, kuɗin ƙwadagonsa ya tafi can.

Sannan ga wahalar neman magani. A ce iska ce, a sayar da akuya, a zagaya wajen masu magani, sai abu ya yi nisa a ɗauki hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato: kuɗin mota, guzuri, ga mai jinya shi ma ya bar aikinsa. Addu'a wajibi ce, amma ba ta hana zuwa asibiti.

A Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka sai da kasafi take aiki. Binciken da hukumar nan ta jagoranta a 2016 ya nuna duk dala 1 da aka kashe kan maganin damuwa da fargaba tana dawo da 4 ta fuskar lafiya da aiki. Wane ɗan kasuwa zai ƙi wannan riba?

Don haka duk wanda ya zo neman goyon bayanmu a 2027, daga kansila har gwamna, mu tambaye shi gaban jama'a: zai horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su gane ciwon da wuri? Zai sa maganinsa a kusa, da farashin da talaka zai iya? Nawa zai ware a kasafi? Wanda ya ba da amsa, mu rubuta mu ajiye. Wanda ya yi mana dariya kuma, mun gane matsayinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.