Kwanson Tagulla da Maharban Bakin Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, maharbin Yelwa ko na Ngaski yake fama da abin da takwaransa na tudu bai cika damuwa da shi ba, wato laima. Harsashi mai kwanson takarda yakan sha danshi ya kumbura har ya ƙi shiga bindiga. Wannan matsala ce ta sa sojojin Amurka suka koma ga kwanson tagulla a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin na roba ya mamaye kasuwa daga wajen 1960. Saboda haka idan maharbi ya fifita na tagulla, domin ba ya jiƙa kuma ana iya sake cika shi, yana da hujja. Inda gizo ke saƙa shi ne zaton da ake yi cewa tagulla ba ta tsufa.

Tagullar harsashi gami ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 cikin ɗari. Idan albarushi ya kama, sai kwanson ya buɗe ya manne da bangon bindiga, ya hana iska mai zafi komowa wajen fuskar mai harbi, sa'an nan ya ɗan tsuke a zare shi. Amma kowane buɗewa da tsukewa yana ƙara masa tauri, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta karye.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓuya. Sojojin Ingila a Indiya sun lura harsasansu na tsagewa da kansu bayan damina, ba tare da an harba su ba. Sai a 1921 masana suka bayyana dalili: da damina akan adana harsasan ne a bargar dawaki, iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawakin kuwa tana cin tagullar da aka riga aka takura wajen ƙira. To, a ƙauyukan Shanga da Yawuri, ina nisan ɗakin ajiya da turken awaki? Tsagar takan yi siriri ƙwarai, wani lokaci ido ba ya kama ta, sai ranar da aka ɗana kunama. Kwanson da aka ga alamar tsaga a bakinsa, ko ya yi tsatsa shuɗiya, ya gama aiki, komai tsadarsa.

Gaskiya ne Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da harsashi da sharaɗin lasisi, kuma wajibi ne a kiyaye ta. Sai dai doka ba ta koyar da halin ƙarfe. Wannan aikin jami'o'i ne da malaman gona, ta hannun sarakunan baka, waɗanda maharba ke jin maganarsu.

A irin wannan zama ya kamata a tayar da zancen dalmar da ake ɗurawa cikin kwanson. Agwagin ruwa sukan haɗiye ƙwayoyinta da suka nutse a laka, su mutu da guba, abin da ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991. Ragowarta kuma takan saura a naman da yara za su ci, dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.